Zaɓen Kuben Takobi Don Ranar Hawa

Shekarar da na fara hawan Sallah a tawagar kawuna, wanda ke riƙe da sarauta a ɗaya daga cikin gundumomin ƙasar Daura, an ba ni aron doki, an ba ni aron rawani, sannan aka miƙo mini wani tsohon takobi naɗe cikin tsumma. Aka ce gara ta cinye kubensa, in je in nemo wani. Saura kwana uku Sallah. Na shiga kasuwa na hangi wani kube a rataye, ja da kore, tuntayensa suna lilo. Na zura takobin, ya shige da ɗan turawa, na biya na tafi ina murna. Ranar hawa muka iso ƙofar fada, aka saki dawakai don jahi, kowa ya zare nasa ya ɗaga sama. Ni kuwa da na kai hannu na fizga, sai kuben ya biyo takobin har hammata, hamila ta shaƙe mini wuya. Haka na isa gaban Sarki ina kokawa da kayana kamar wanda kunama ta shiga wa riga.

Da daddare kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, takobin ne ya ƙi fita, ko kai ne ba ka ci tuwon Sallah ba?" Aka yi ta dariya. Bayan Sallah ya tura ni wurin wani dattijon baduku da ke yi masa aiki. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Ina takobin?" Na ce, "Yana gida, Baba." Ya ce, "To tashi ka ɗauko. Ka taɓa ganin an ɗinka wa mutum takalmi ƙafarsa tana gida?"

Yawancin abin da zan faɗa a nan daga bakin wannan dattijo na fara jin sa, sauran kuma shekaru ne a kan sirdi suka koya mini.

Riƙo da saki

Ana neman abu biyu a wurin kube, kuma abubuwan nan biyu kishiyoyi ne. Ana so ya riƙe takobi, kada ya zube lokacin da doki ke sukuwa ko ya yi tsaye da ƙafafun baya. Ana kuma so ya sake shi nan take idan mahayi ya ja da hannu ɗaya. Wanda ya cika riƙo shi ne irin wanda ya ba ni kunya. Wanda ya cika saki ya fi shi haɗari, domin takobin da ya faɗi a tsakiyar dawakai masu gudu zai iya yanke agarar doki ko ya soki zagi mai tafiya a ƙasa. Ado, launi, tuntu da zane duk suna zuwa ne bayan an daidaita waɗannan biyu.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Amurka da ƙasashen Turai akwai masu gasar harbi da ƙaramar bindiga, har da libarba, inda ake auna saurin mutum da na'urar da ke raba daƙiƙa gida ɗari. Babbar ƙungiyarsu ta duniya, IPSC, an kafa ta a 1976 a jihar Missouri. Dokokinsu sun ce dole gidan bindigar da ɗan gasa ya ɗaura a ƙugu ya rufe kunamarta ruf, kuma wanda bindigarsa ta faɗi ƙasa da harsashi a ciki an kore shi daga gasar. Duk da haka kowa a cikinsu yana neman gidan da zai saki bindigar ba tare da gardama ba. Su ma riƙo da saki ne ke hana su barci. A Nijeriya ba mu da wannan wasa a tsakanin jama'a, domin dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da ire-irenta cikin makaman da ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa. 'Yan bindigar fada da ke cika gari da ƙara da hayaƙin albarushi ranar hawa, a hannu ko a kafaɗa suke riƙe dogayen bindigoginsu, ba su da buƙatar kube. Mu a nan, wanda ke zare makami cikin gaggawa a gaban dubban idanu, kuma ana lura da gwanintarsa, shi ne mahayi ranar jahi.

A Daura kuwa takobi ba kayan ado ba ne kurum. Sanannen labarin garin ma da kaifi ya fara: Bayajidda ya sare kan macijiyar rijiyar Kusugu da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da makamin da aka ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa. Har yau fadar Daura tana adana takobin da ake dangantawa da shi, kamar yadda Katsina ke adana Gajere, kuma wani masani Bature, A.D.H. Bivar, ya yi nazarin takubban fadojin Arewa a littafin da ya fitar a 1964. Ƙasar da ke da irin wannan gado, ga hawan Sallah ƙarama da babba, ga Hawan Magajiya, ga Sallar Gani a watan Maulidi, mahayinta yakan rataya takobi sau da yawa a shekara. Ya cancanci kuben kirki.

Fara da sanin takobinka

Takubban da ke hannun mutane yau iri biyu ne. Akwai na gado, waɗanda wasu ruwansu daga Turai ya zo ta hanyar Sahara. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba masu ɗimbin yawa daga garin Solingen na Jamus, a yi musu mariƙi da kube a nan gida. Irin waɗannan sukan kasance sirara, marasa nauyi, masu lanƙwasa su dawo, da kwarmi a tsakiya, wani lokaci da tambarin jinjirin wata guda biyu. Akwai kuma na maƙeran yanzu, waɗanda galibi daga sifirin mota ake ƙera su. Sun fi kauri, sun fi nauyi, kuma kaurin ba ya zama ɗaya daga sama har ƙasa tunda guduma ce ta yi aikin.

Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa kuben kasuwa, wanda aka ɗinka ba a san takobin da zai shiga cikinsa ba, yake zama caca. Miƙaƙƙen takobin Hausa, ɗan'uwan wanda Buzaye ke kira takoba, ruwansa yakan kai santimita 75 zuwa 85, yana da faɗi a wajen mariƙi, ya tsuke zuwa tsini. Bambancin faɗin rabin yatsa ya isa ya mayar da kube ko dai kurkuku ko kuma buhu. Idan naka mai lanƙwasa ne, irin wanda magabata ke kira bisalami, to kada ma ka tsaya duba na rataye. Sai an yanka masa nasa.

Kafin ka kai wa baduku, ka fara biyawa ta maƙera. A goge tsatsa, a miƙar da ruwan idan ya karkace, a duba ko mariƙi yana girgiɗi. Tsatsa tana ƙara wa ƙarfe kauri, kuma idan aka auna kube a kan takobi mai tsatsa, ranar da aka goge shi sai ya riƙa yawo a ciki. Ni kuma shawarata, takobin hawa a dakushe kaifinsa. Ba yaƙi za ka ba. Walƙiyar ƙarfe a rana ita 'yan kallo ke gani, kuma dakusasshe ma yana walƙiya. Mai kaifi yana cin kube daga ciki a kowace zara, ga kunnen doki da linzami a kan hanyarsa.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Mai saye yakan kalli fatar waje, alhali ƙarfin kube yana cikin abin da ba a gani. Kuben kirki hawa uku ne. A can ciki akwai shafi na ƙyalle mai laushi ko siririyar fata, wanda ke gogar ƙarfe. A tsakiya akwai ƙashin kuben, wato siraran fallayen itace guda biyu da aka fafe daidai da siffar takobin, ko kuma busasshiyar fata mai tauri. A waje sai fatar akuya da aka jeme aka rina.

Yanzu da yawa kwali suke sa wa a tsakiya. Ba zan ce kowane mai kwali banza ne ba, don akwai waɗanda ake liƙa hawa-hawa da ƙyalle su yi ƙarfi, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Amma kwali ba ya jure jiƙa. Sallah tana ja da baya da kamar kwana 11 kowace shekara, saboda haka kuben da ka saya don hawan bazara wata rana zai yi hawan damina. Ruwan sama ɗaya, ko gumin doki da na mahayi na wuni guda, ya isa ya sa kwali ya kumbura ya kama takobi, idan ya bushe kuma ya lotsa. Nawa na farko abin da ya same shi ke nan: tun daga filin idi gumi ke ratsa shi, kafin mu iso fada ya riga ya cije.

Gane mai kwali ba wuya. Zare takobin, ka riƙe kuben a tsakiya ka matsa da yatsu biyu. Mai itace ba zai lotsa ba, kuma idan ka ƙwanƙwasa shi da farce za ka ji amo. Mai kwali zai ba da kai, amonsa kuma a mace yake. Sannan ka riƙe shi ta baki ka miƙa shi a kwance. Idan ƙarshensa ya sunkuya ƙasa, ka mayar wa mai shi.

Fata da rini

Ƙasar Hausa ba ta roƙon kowa fata. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce wadda fatake suka riƙa ketarawa da ita hamada har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, don ta can take isa gare su. Majema suna jiƙa ta a ruwan toka ko farar ƙasa gashi ya zube, su kankare, su tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, sannan su shafe ta da mai su yi ta murza har ta yi laushi. Ja daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuma daga kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe.

Fatar bagaruwa nake ba da shawara, kuma ba don son gargajiya kawai ba. Tana karɓar zane idan baduku ya danna mata ƙarfe, tana kama siffar abin da aka naɗe ta a kai idan an jiƙa ta ta bushe, kuma tana tsufa da kyau. Fatar kamfani da ake jemewa da sinadari tana da santsi da sheƙi, amma ba ta riƙe siffa haka, kuma masu aikin kuben wuƙaƙe a ko'ina suna guje mata a wurin da za ta taɓa ƙarfe saboda tsatsa. Mafi muni ita ce ledar da ake yi wa zanen fata. Hancinka zai gaya maka: ta bagaruwa tana da warinta da duk wanda ya taɓa wucewa ta majema ya sani, leda kuwa warin roba take yi. Ka kuma lanƙwasa gefen fatar ka duba. Idan fuskar ta tsattsage, ko ka ga zaren ƙyalle a bayanta, ba fata ba ce.

Ga wani gwaji da ba kowa ke tunawa da shi ba sai ya yi asara. Ka tafi da farin ƙyalle, ka jiƙa shi, ka goga a jikin kuben da ƙarfi, musamman wurin ja. Idan ƙyallen ya ɗauki launi sosai, to haka farar shaddarka za ta ɗauka daga hammata har ƙugu. Na ga mutumin da ya sauko daga doki gefen rigarsa jawur, mata suna salati sun zaci sara ya sha. Ɗan abin da ba a rasa ba dole ne a sabuwar fata, kuma baduku zai iya rage shi da gogewa da ɗan mai. Amma wanda ke zuba kamar zoɓo, a bar shi. Wasu suna sa a yi bayan kuben, wato gefen da ke kwanciya a jikin riga, da fatar da ba a rina ba. Dabara ce mai kyau.

Baki, gindi da ɗinki

Baki shi ne wurin da riƙo yake. Kuben da aka yi da hankali ba ya matse takobi tun daga tsini. Ruwan yana shiga sakayau, sai ya rage kamar faɗin yatsu uku ko huɗu ya ƙarasa sannan ka ji ya kama. Haka ma wurin zarewa: ɗan ƙarfi a farko, daga nan sai ya taho kamar an shafa masa mai. Idan kana jin gogayya tun daga sama har ƙasa, an tsuke shi da yawa, kuma ranar da ya sha danshi ba zai fito ba.

Bakin kuma ya zama a buɗe yake ko da babu takobi a ciki. Shi ya sa ake yi masa ɗamara ta farin ƙarfe, ko tagulla, ko azurfa ga masu hali, ko aƙalla a naɗe shi da fata mai kauri. Dalili shi ne mayarwa ta fi zarewa wuya. Hausawa suna cewa a mayar da wuƙa kube idan ana neman sulhu, kamar abu ne mai sauƙi. Wanda ya gwada yi a kan ingarman da ke rawa, algaita tana tashi, kakaki yana amsawa, 'yan bindiga sun saki wuta a bayansa, ya san ba haka ba ne. Hannunka na hagu yana kan linzami, idonka yana kan dokin gabanka, kana laluben rami da tsinin ƙarfe a kusa da haƙarƙarinka. Bakin da ya rufe kansa shi ke sa mutum ya huda rigarsa, ko abin da ke ƙarƙashinta. Ka shafa yatsa a cikin ɗamarar, kada a bar gefen ƙarfe mai kaifi da zai riƙa kartar ruwan takobin.

Gindi ma yana son nasa ƙarfen, don shi ke bugun likkafa da ƙasa da bango. Ka tabbata tsinin takobi bai kai ƙarshen kuben ba. A bar masa sarari kamar faɗin yatsa, ya zama mariƙi ne ke zama a kan baki, ba tsini ne ke tokare gindi ba. In ba haka ba, wata rana sai ka ga ƙarfe ya leƙo.

Ɗinki kuwa a tsakiyar baya ya kamata ya bi, ba a gefe ba inda kaifi ke wucewa. Ka duba sawun basilla ko a jere yake, kusa da kusa. Idan ba ka ga ɗinki ko ɗaya ba, gam ne kawai ya riƙe fatar, kuma zafin watan Afrilu a Daura ba ya raga wa gam.

Zobba da hamila

Bahaushe ba a ƙugu yake ɗaura takobi ba, a kafaɗa yake rataya shi da hamila. Malamai suna danganta wannan da sunna, domin ya zo a hadisi cewa wani dare da aka ji firgici a Madina, an ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan dokin Abu Ɗalha da takobi rataye a wuyansa. Mai amfani da dama yana sa hamila a kafaɗar dama, takobin ya sauka a hagu. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa ake hawa doki ta hagu, don kada takobi ya shiga tsakanin ƙafa da sirdi. Bahago ya faɗa wa baduku tun farko, domin fuskar ado da wurin ɗinki duk za su juya.

Zobba biyu ake sa wa kube, kuma inda aka sa su shi ke yanke yadda takobin zai kwanta. Idan sun yi kusa da baki sosai, takobin zai tsaya a miƙe, gindinsa yana dukan cikin doki a kowane taki, kuma doki mai zafi zai ɗauka ƙaimi ne. Idan sun yi ƙasa, nauyin mariƙi zai rinjaya, bakin ya kalli ƙasa, takobin ya fara zamewa da kansa. Abin da ake so shi ne mariƙi ya ɗan ɗaga yana kallon gaba, gindi ya yi baya ya sunkuya. Tunda nauyin kowane takobi daban ne, baduku na ƙwarai yakan ɗaura zobban da zare tukuna, ya rataya maka, ya matsar da su sama ko ƙasa, sai ya ga zaman ya yi sannan ya ɗinke. Ka ja kowane zobe da ƙarfinka. Nan ne wurin da kube ya fi yawan tsinkewa, don haka maɗaurinsa ya zagaye kuben gaba ɗaya, kada ya zama ɗan guntun fata ne aka liƙa a sama.

Tsawon hamila shi ne abin da aka fi kuskurewa. Samari suna son ta da tsawo, takobi yana reto a cinya. A ƙasa yana da kyau. A kan sirdi kuwa, doguwar hamila tana barin kube ya bi hannu idan an ja, kuma hannun mutum yana da iyaka: idan kuben ya biyo ka taki ɗaya, ruwan takobin ba zai gama fita ba kafin hannunka ya ƙare. Gajeriya, wadda ke ajiye mariƙi a wajen ƙasan haƙarƙari, tana ba ka damar danne kuben da gwiwar hannun hagu ba tare da ka saki linzami ba. Hamilar kanta ta zama mai kauri, ko tuƙaƙƙiya ko mai faɗi, don siririya tana cin kafaɗa, kuma hawa wuni ne. Manyan tuntaye a bar su can ƙasa. Idan suna kusa da baki, sai sun shiga tsakanin hannu da mariƙi a daidai lokacin da ba a so.

Gwaji kafin biya

Ka je karɓar kube da kayan da za ka hau da su, ko aƙalla babbar rigar. Wanda ya gwada da 'yar shara zai sha mamaki ranar da ya sa riga da jabba, ya naɗa rawani, wataƙila har da alkyabba. Kauri ya ƙaru, hannun riga ya yi yawa, mariƙi ya ɓace a cikin tufa.

Da farko ka zura takobin, ka kifa kuben a hankali a kan tabarma, ba a kan ƙafarka ba, kuma ba yaro a kusa. Kada ya zubo da nauyinsa. Ka ɗan girgiza sau ɗaya. Idan ya motsa kaɗan ya tsaya, ya yi. Sai ka girgiza shi a gefe kusa da kunne. Ƙwal-ƙwal na nufin akwai sarari da yawa a ciki.

Sannan ka rataya, ka zauna a kan turmi ko benci ka ware ƙafafu kamar kana kan sirdi, ka riƙe wata igiya da hannun hagu a matsayin linzami. Ka zare da dama kaɗai, ka mayar, sau goma. A tsaye kowa gwani ne, domin hagu tana riƙe kube dama tana ja. A kan doki ba ka da wannan hannun. Dattijon nan sai da ya sa na yi haka a ƙofar shagonsa yara suna kallo, yana cewa, "Sake dai, ɗana. Gara su yi maka dariya a nan."

Gwaji na ƙarshe a kan dokin ne, kwanaki kafin hawa, a fili ba cikin jama'a ba. Tafiya tukuna, sannan sassarfa, sannan sukuwa. Ka lura ko gindin kuben yana bugun dokin ko yana maƙalewa a bayan sirdi ko a jalala. Ka zare sama da gefe, nesa da wuyan doki. Dokin ma yana buƙatar ya saba da ƙarar fitar ƙarfe da walƙiyarsa a gefen idonsa.

Lokaci, wuri da ciniki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Goman ƙarshe na azumi dukawa ba sa ɗaga kai, ga kayan doki, ga takalma, ga gyare-gyaren fada, kuma aikin gaggawa shi ke kawo gam da kwali. Ka kai aikinka tun watan Sha'aban. Fatar da aka jiƙa aka naɗe tana buƙatar kwanaki ta bushe a inuwa, ga kuma gyaran da zai biyo bayan gwaji.

Hanya mafi sauƙi ta samun baduku ita ce ka tambayi masu kula da dawakan hakimai wa ke yi musu aiki. Wanda bai samu a gida ba, Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana da masu kayan doki da na fata. Aikin Buzaye kuma yana shigowa daga Damagaram da Agadas ta kan iyakar Kongolam da Mai'aduwa. A wurinsu matan maƙera ne ke aikin fata, kuma kubensu yana da kyan zane da koren launi, sai dai an yi shi ne don takubbansu sirara, da wuya ya karɓi na sifirin mota.

Wurin ciniki ka rarrabe kuɗin aiki da kuɗin ado. Ka ce a yi maka ƙashin itace, fatar bagaruwa, ɗinkin hannu da ƙarfen baki da na gindi, a faɗi kuɗin wannan. Abin da ya rage a aljihunka shi zai yanke yawan zane da tuntu. Ka ba da kafin alƙalami, cikon sai bayan gwaji, kuma ku yi wannan magana tun farko don kada ta zama rigima. Idan takobin gado ne mai tsohon kube, kada ka yar da ƙarafunansa ko da fatar ta mutu. Sau da yawa aikinsu ya fi na yanzu, kuma ana iya mayar da su a kan sabo.

Wurin ɗauko takobin daga shago zuwa gida, a naɗe shi cikin zane. Takobin hawa na cikin tawaga ne, ƙarƙashin idon mai sarautar da ka bi. Wanda ya rataya shi yana yawo a unguwa, jami'an tsaro ba za su bambanta shi da ƙauraye ba, kuma ba su yi laifi ba. Idan fada ko hukuma ta yi sanarwa a kan abin da za a riƙe ranar hawa, ita ce a gaba.

Bayan an sauka

Yawancin kube ba a kan doki suke mutuwa ba, a ɗaka ne. An dawo a gajiye, an jefa shi bayan ƙofa da guminsa, sai wata Sallar. Ranar da ka sauka ka zare takobin, ka goge shi da busasshen ƙyalle, ka shafa masa ɗan man keken ɗinki. Kuben ka bar shi ya sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu, kada a rana, kada kusa da murhu. Idan ajiyar watanni ce, gara a raba su: takobi a naɗe cikin ƙyalle mai ɗan mai, a inda yara ba sa kaiwa, kube kuma a rataye. Fata tana jan danshi, kuma damina ɗaya ta isa ta haɗe ƙarfe da kube har sai an yanka.

Da hunturu fata takan bushe ta fara tsagewa. Ɗan man kaɗanya a yatsa, a murza a waje kawai, ya wadatar. Kada a yi masa wanka da mai, domin fatar da ta sha mai da yawa tana saki, riƙon bakin ya tafi. Man shanu da man gyaɗa kuma gayyatar ɓera da kiyashi ne. Ƙarfen baki idan ya fara kore, a goge shi da toka da lemon tsami a tsane shi sosai, ba tare da ruwan ya taɓa fatar ba. A rataye shi a ƙusa, nesa da ƙasa, kuma idan bangon na ƙasa ne a sa wani abu a tsakani saboda gara.

Idan bayan shekaru bakin ya saki, ba sai an sake sabo ba. Baduku zai liƙa 'yar siririyar fata a cikin bakin, riƙon ya dawo. Nawa sau biyu ana yi masa haka. Na biyun ɗan dattijon ne ya yi, a shagon mahaifinsa, kuma da ya gama sai ya turo mini turmi da ƙafa ya miƙo mini igiya.